Tsohuwar Mota da Sabon Direba

Ƙannena samari, da ku 'yan matan da kuka fara sha'awar riƙe sitiyari, a gidaje da yawa akwai wata mota da aka jingine a lungun gareji ko a gindin darbejiya, an lulluɓe ta da tamfol, tayoyinta sun daɗe da sacewa. Ta Baba ce ko ta Kaka. Wata Peugeot 504 ce, wata 505, wata Volkswagen Beetle mai inji a baya, wata kuma Mercedes 230 irin ta alhazan da. Yaro ya gama sakandare, sai zuciyarsa ta fara raya masa cewa da za a sa mata batir, a wanke kafireto, a watsa mata sabon fenti, ai shi ma ya zama mai mota. Wani kuwa babu ita a gidansu, hotunan irinta ya gani a Instagram an gyara su suna sheƙi, sai ya shiga tara kuɗi yana leƙa wurin dillalai. Wannan sha'awa mai kyau ce, ni ma ina da ita, kuma ba zan ce ku kashe ta ba. Roƙona guda ne: kada tsohuwar mota ta zama ita ce za ku fara fita titi da ita kullum.

Motar tana da haƙƙi a kanmu, bari mu fara ba ta abinta. A 1968 aka fito da 504 a Faransa, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai. A 1975 masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara aiki, daidai lokacin da kuɗin ƙarin albashi na Udoji ya shiga hannun ma'aikata, malamin makaranta da akawu suka fara tunanin su ma za su iya ajiye mota a ƙofar gida. A wannan shekarar ce kuma 504 ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka, wanda ake yi a kan hanyoyin ƙasa masu laka da duwatsu. Turai ta daina ƙera salun ɗin a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har bayan shekarar 2000. Gwamnati ta hau ta, 'yan kasuwa sun hau ta. Wagon ɗinta ta yi shekara da shekaru tana lodi a tasha, daga Kano zuwa Jos, daga Maraɗi zuwa Damagaram, a-kori-kurarta kuma ta kai buhunan hatsi kasuwannin ƙauyen da kwalta ba ta taɓa zuwa ba. Ƙafarta mai laushi ce, tana shanye rami. Injinta a buɗe yake, duk abin da ke cikinsa ido na gani, hannu na kaiwa, makanike a gindin bishiya da sifana da sukudireba yana iya tayar da ita. Duk wanda ya ce muku mota ce mai juriya a kan mummunar hanya, gaskiya ya faɗa.

Inda nake rabuwa da masu yabonta shi ne wurin maganar da za ku ji a kusan kowane gareji: "Wannan ai ƙarfe ce zalla, motocin yanzu gwangwani ne, kana taɓa su sun lotse." Mai faɗin haka yakan ƙwanƙwasa bodin da bayan yatsa don ka ji ƙarar. Wannan magana ta ruɗi matasa da yawa, har da iyayensu, don haka sai mu ɗan daɗe a kanta.

Idan mota tana tafiyar kilomita 60 a awa ta daki wani abu ta tsaya cak, jikin wanda ke ciki bai tsaya ba. Yana nan yana tafiyar kilomita 60 har sai ya sami abin da zai tare shi, ko sitiyari, ko gilashin gaba, ko ƙofa. A wannan ƙiftawar ido abu biyu ne ke ceton rai da ikon Allah: ƙarfin dukan ya sami inda zai ƙare kafin ya iso ga mutum, ɗakin da mutum yake zaune kuma kada ya rufta masa. Shi ya sa da gangan aka ƙera gaban motar zamani yadda zai lotse, ya naɗe, ya cinye dukan, aka kuma ɗaure ɗakin fasinja da ƙarfe mai tauri wanda ba a ganinsa daga waje. Lotsewar nan da ake yi wa gori, aikin da aka sa ta ke nan take yi. Wani injiniyan Mercedes mai suna Béla Barényi ne ya yi rajistar wannan dabara a 1952, kamfanin kuma ya fara sa ta a motocinsa a 1959.

A 2009 cibiyar IIHS ta Amurka, wadda kamfanonin inshora ke ɗaukar nauyinta don binciken haɗurran mota, ta gwada maganar a fili. Ta ɗauko Chevrolet Bel Air ƙirar 1959, ƙatuwar mota irin wadda ake kira ƙarfe zalla, ta haɗa ta gaba da gaba da Chevrolet Malibu ƙirar 2009, kowacce tana gudun kimanin kilomita 64 a awa, dukan ya faɗa ɓangaren direba. Bidiyon yana nan a YouTube, ku nema ku gani da idonku. Gaban Malibu ya ragargaje, amma ɗakin direba ya tsaya yadda yake, jakar iska ta buɗe, awon da aka ɗauka a jikin mutum-mutumin da ke kujerar ya nuna cewa da ɗan Adam ne, da rauni a ƙafa zai fita. Bel Air kuwa ɗakinta ya rufta, gilashin gaba ya fice, sitiyari ya taso ya tarar da kan mutum-mutumin.

Ba na cewa 504 ko Mercedes 230 daidai suke da Bel Air. An ƙera su bayanta, Mercedes ɗin ma a zamaninta tana cikin motocin da suka fi tsare rai. Amma ilimin kare fasinja bai tsaya a zamaninta ba. A 1978 Mercedes da Bosch suka fito da birkin ABS, a 1981 jakar iska ta shiga manyan motocin Mercedes, a 1995 aka fito da na'urar ESC mai hana mota zamewa, wadda amfaninta ya sa Amurka ta wajabta ta a kan sababbin motoci daga ƙirar 2012, Tarayyar Turai kuma daga 2014. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a 504 ko a Beetle. Ita Beetle ma tankin manta a gaba yake, tsakanin ƙafafun direba da abin da zai daka.

To, wa zai ja motar? Ku ne, kuma nan ne zuciyata ta fi tsinkewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma babu abin da ya fi shi kashe masu shekara 5 zuwa 29. In aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowace nahiya asara. A Amurka, direba mai shekara 16 zuwa 19 ya ninka wanda ya kai 20 kusan sau uku wajen shiga haɗari mai kisa a kan kowane mil da suka yi. Matashi ya fi babansa ƙarfin ido, ya fi shi zafin nama. Abin da bai samu ba tukuna shi ne hango abu kafin ya faru: mai adaidaita sahun nan da ya rage gudu zai yanko ba tare da sigina ba, ƙwallon da ta gangaro titi akwai yaro a bayanta, yayyafin farkon damina ya fi mamakon ruwa sa kwalta santsi saboda ƙura da mai da suka taru a kanta. Hanya ce ke koyar da wannan, kuma da kuskure take koyarwa. Babu sabon direban da ba zai yi kuskure ba, komai natsuwarsa. Saboda haka abin da ake nema a motar farko, kafin kyau, kafin suna, shi ne ta iya yafe kuskure.

Ku ɗauka akuya ta faɗo titi. Sabon direba zai take birki da iya ƙarfinsa, haka jiki yake yi in ya firgita. A mota mai ABS na'urar tana kama birkin tana saki sau da yawa a cikin daƙiƙa guda, taya ba ta ƙullewa, yana iya karkata sitiyari ya kauce. A 504 tayoyin za su ƙulle su riƙa ja a kan kwalta, tayar da ta ƙulle kuwa ba ta jin sitiyari. Ya murɗa hagu, ya murɗa dama, motar inda ta dosa can za ta tafi. Tsohon direban tasha ya san yadda zai ɗaga ƙafa ya sake takawa, don ya yi shekaru yana yi har ƙafarsa ta haddace. Ga shi kuma tayoyin baya ne ke tura 504 da Beetle da Mercedes ɗin nan. In aka shiga kwana da gudu a kan yashi ko ruwa, bayan motar yana iya fara zamewa, Beetle kuwa nauyin injinta ma a can baya yake. Mota mai ESC tana jin zamewar kafin direba ya ji, ta kama birkin taya guda ta maido da kanta kan hanya. A tsohuwar mota komai ya rataya a kan hannun direba da ƙafarsa, alhali mai gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa da ya yi yana tunanin abin yi. Ba wa sabon direba irin wannan mota kamar a ɗora ɗan koyon hawa ne a kan doki mai taurin baki ranar hawan salla.

Duk wannan magana ce a kan motar ranar da ta fito daga masana'anta. Yanzu ku ƙara mata shekara 30 ko 40. Roba tana mutuwa ko an hau mota ko ba a hau ba. Tayar da ta daɗe a ajiye tana iya zama da haƙoranta cif, amma gefenta ya tsattsage, zafin kwaltar watan Afrilu kuma ba ya raga wa irinta. A gefen taya akwai lambobi huɗu da ke faɗin ranar haihuwarta: in kun ga 2319, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. Ku koyi duba wannan, zai amfane ku a kowace mota har tsufanku. Tiyon birki shi ma roba ne, man birki kuma yana shan danshi daga iska, ya ci bututu da tsatsa ta ciki, ya rage ƙarfin birkin in ya yi zafi. Tiyon fetur da ya bushe yana ɗiga a kan inji mai zafi, abin da ya ƙone Beetle da yawa ke nan a duniya. Wayarin kuwa hannuwa nawa suka bi ta kansa, kowa ya yanke ya ɗaura ya naɗe da salatif? Sai tsatsa, wadda ta fi duka iya ɓuya. In za ku duba tsohuwar mota ku tafi da ɗan maganaɗisu ku bi jikinta da shi. Inda ya ƙi kamawa foti ne aka shafe aka yi fenti a kai. Ku ɗaga kafet ku ga dandamalin, ku leƙa ƙarƙashin ƙofofi da wurin safaya. Ƙarfen da tsatsa ta ci ba zai tsaya wa duka ba, ko da a ce ranar da aka ƙera shi ya tsaya.

Maganar kuɗi ba sai na ja ta ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san abin da lita take ci, motar kafireto kuma ba ta san tsimi ba. Kayan gyaran 504 har yanzu ana samu a Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, sai dai na asalin suna ƙarewa, jabu suna yawa, makanikan da suka iya saita kafireto da kwantak da kunne kuma suna ta tsufa. Motar da kuka saya da arha za ta riƙa karɓar ragowar kuɗinta a hannunku kaɗan-kaɗan, kuma ba ta zaɓen ranar da za ta ƙi tashi, ko ranar jarrabawa ce.

Akwai wani abu da matasa ke mantawa in motar ta gida ce. Idan mai ita ya rasu, ta zama dukiyar magada, ta 'yan'uwanku mata da ƙannenku marayu da iyayenku mata. Kasancewar kai ne ka iya tuƙi, ko kai ne ka sa mata batir, bai mai da ita taka ba. A zauna a yi maganar a fili, a yi mata kuɗi, kowa ya san rabonsa, sannan a gyara takardu su koma sunan wanda ta zama tasa. In kuwa saya za ku yi, lambar inji da lambar bodi su dace da abin da ke takarda kafin kuɗi su fita daga aljihu. Dokar Najeriya kuma a bayyane take: sai mutum ya cika shekara 18, ya bi ta makarantar koyon tuƙi, ya karɓi lasisi. Wanda bai kai ba, babu motar da ta dace da shi a kan titi, sabuwa ko tsohuwa.

Na san amsar da wasunku za su bayar, cewa kwana in ya ƙare ko a kan gado mutum yake sai ya tafi. Haka ne, babu mai jayayya da ƙaddara. Amma malamanmu sun koya mana cewa tawakkali tare yake tafiya da riƙo da sababi, kuma rai amana ne. Balle ma ba ranku kaɗai ke cikin motar ba. Matashi in ya sami mota abokai ne ke cika ta, kuma an daɗe da gane cewa yawan sa'o'i a mota yana ƙara wa sabon direba haɗari, ga surutu, ga zuga, ga "taka mata mu gani". A bayan tsofaffin motocin nan sau da yawa babu bel ko ɗaya. Ku tuna kowane ɗaya daga cikin abokan nan uwarsa tana jiran dawowarsa. Wasan mota da ake yi a wajen biki, ana murza taya a tsakiyar jama'a, wannan kam ina roƙonku da girman Allah ku nisance shi, kowace irin mota kuke ja.

Abin da nake ba ku shawara shi ne motar farko ta zama mara hayaniya, mai matsakaicin inji, wadda ba ta tsufa sosai ba, irin su Toyota Corolla da Honda Civic da ke cike da garuruwanmu, mai bel a kowace kujera, da jakar iska, da ABS, in an sami mai ESC ya fi. Su ma sai an duba, domin a cikin motocin Kwatano akwai waɗanda suka yi haɗari a can aka gyara bodi aka rufe wurin jakar iska ba komai a ciki. In kun murɗa makulli, fitilar jakar iska da ta ABS su kama a gaban direba, su mutu bayan 'yan daƙiƙu. In sun ƙi mutuwa akwai matsala. In sun ƙi kamawa sam, wataƙila an cire ƙwan ne don kada mai saye ya gani. Ku tafi da makanikenku, kada ku dogara da na dillali. Idan kuɗin bai kai ba, hawa adaidaita sahu ko bas na shekara guda ko biyu ba abin kunya ba ne.

Ita kuwa tsohuwar, ku riƙe ta, kada ku bari a kai ta wurin 'yan gwangwan. Babu makarantar da ta fi ta koyar da yadda mota take aiki. Ku sami dattijon makanike da ya san ta, ku riƙa zuwa wurinsa ranar Asabar, ku durƙusa ku gaishe shi, ku miƙa masa sifana, ku ga yadda yake tsabtace fulogi, yadda yake gane ciwon inji daga ƙararsa, yadda yake fitar da iska daga birki. Wanda ya kwance kafireto ya mayar da shi da hannunsa ba za a cuce shi a gareji ba har abada, kuma wasu daga cikinku sana'arsu za ta fito daga nan. Ku tambayi Baba inda ya je da ita, wace shekara ya saye ta, nawa ya biya, za ku ji tarihin gidanku da ba ku taɓa ji ba. In kun yi shekara biyu ko uku kuna tuƙi, hannunku ya faɗa, sai ku fito da ita ranar Juma'a da rana ku zaga gari a hankali.

Na kuma san akwai gidan da ita kaɗai ce motar, ita za a kai Mama asibiti da ita, ita za a ɗauko kaya daga kasuwa, kai ne kuma babban ɗa. Ba zan ce ka ƙi ba. Amma kuɗin farko da ya shigo hannunka na taya ne, sababbi, ba na gwanjo ba. Daga nan birki gaba ɗayansa, da tiyonsa da mansa, sai tiyon fetur, sai fitilu, sai tukunyar kashe gobara da za ta zauna inda hannunka ke kaiwa. A sa bel mai bi ta kafaɗa da ƙugu, irin wanda Nils Bohlin ya ƙirƙira wa Volvo a 1959, a gaba da baya, a ɗaure shi a jikin ƙarfe mai lafiya, kada a liƙa shi da walda a dandamalin da tsatsa ta ci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaura bel yana rage haɗarin mutuwar wanda ke cikin mota har da kusan rabi, don haka kada motar ta motsa sai kowa ya ɗaura, ko da kawunka ne ya ce ba ya so, ka roƙe shi cikin ladabi. Fenti da sifika da rim masu ƙyalli su jira. Ka bar tazara mai yawa tsakaninka da na gabanka, domin birkinsa ya fi naka kamawa. Kada ka yi tafiyar dare da ita, fitilarta ba ta kai ta motocin da za su haske maka ido ba, tirelar da ta lalace a kan hanya kuma sau da yawa ganye kawai ake zubawa a bayanta. In tafiya ta kama zuwa wani gari, Zariya ko Katsina ko Gusau, ka nemi wanda ya daɗe a sitiyari ya ja, kai ka zauna a gefensa kana lura da inda yake rage gudu da dalilin da ya sa.